Zan Duba

Takasaki, farkon Nuwamba

Zuwa ga Hayasaka Chizuru-san,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Sanyi ya fara shigowa nan, maƙwabta duk sun rataya 'ya'yan itacen kaki a bakin taga don su bushe. Na san ku can arewa kun riga mu.

Ki gafarce ni, ba ki san ni ba. Sunana Naruse Tomoki. Ina aiki a wata ƙaramar maɗaba'a, ni ke tace adireshi kafin a buga katunan sabuwar shekara. Karatuna bai yi nisa ba, a ƙaramar sakandare na tsaya, don haka in na yi ɓaranɓarama a maganar sana'arku ki yi mini uzuri. Matar Kuramochi-sensei ce ta ba ni adireshinki. Ta ce ba kya amsa saƙon kwamfuta.

A wurin aiki da Azami nake amfani, manhajar da kuka gina ke da sensei, wato Malam Kuramochi. Sai in ba ta tsari, in ce nemo mini lamba uku, ɗan layi, lamba huɗu, ita kuma ta bi rubutu harafi bayan harafi ta zaƙulo mini lambar gidan waya. Yau da gobe na fara gyara kurakuran da ke littafin jagorarta, har sensei ya ce in ƙarasa shi. Idonsa yana ta dusashewa. Yana so a fitar da bugu na ƙarshe kafin a kaɗa ƙararrawar sabuwar shekara, kuma ya ce duk abin da ba a rubuta bayaninsa ba, cire shi za a yi.

Shafi ɗaya ya rage mini, na umarnan hana komawa da baya. Ga yadda na fahimci abin. Injin kamar mai rabon wasiƙa ne a unguwar da bai sani ba. In ya zo mararraba sai ya ɗauki hanya ɗaya, in ta toshe ya dawo mararrabar ya gwada wata. Umarnan nan uku su ke ce masa kada ya dawo. KIRU na gane shi: in ka wuce nan ka ci karo, bar wannan mafarin, matsa harafi ɗaya ka sake. TOBU ma haka, sai dai shi tsallake duk abin da ka riga ka taka za ka yi.

KENTO ne ya gagare ni. Sunan cewa yake "zan duba", amma in injin ya wuce shi ya ci karo, ba ya duba komai. Ajiye jakar yake ya tafi gida. Na gwada da adireshin wata tsohuwa a unguwar Nishimachi: lambar gidan wayarta na nan gaba kaɗan a layin, ƙiri-ƙiri, amma ya ce babu. Da aikin gaske ne, da katinta bai fita ba.

An ce ke kika rubuta su ukun. Shin kuskure ne, ko haka kika nufa? Jimla ɗaya nake nema.

Ki kula da kanki a wannan sanyi. Na gode da lokacinki.

Naruse Tomoki


Hirosaki, tsakiyar Nuwamba

Naruse-san,

Gaisuwa. Muna tsakiyar tsinkar tuffa, da hannu mai ciwo nake rubutun nan, don haka ba zai yi tsawo ba.

Wani yana wasa da hankalinka. Umarnan nan ba su cikin Azami. Na rubuta su, gaskiya ne, amma ba a karɓa ba. Ko dai wani ya tsinci tsohon aikina ya liƙa a tasa manhajar, ko kuma ba Azami kake amfani da ita ba. Duba da kyau.

Misalinka na mai rabon wasiƙa bai yi laifi ba. Ya fi na mutumin naka Kuramochi, shi da yake cika shafi uku kafin ya ce ina kwana.

Kada ka sake wahalar da kanka. A gaida matarsa, ita kaɗai.

Hayasaka


Takasaki, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Hayasaka-san,

Bayan gaisuwa da sannu da aikin gona. Na ji daɗin amsarki, ban zaci za ta zo ba.

Na duba da kyau kamar yadda kika ce. Azami ce. Umarnan uku suna ciki, kuma tarihin manhajar ya nuna sensei da kansa ya shigar da su, a bazarar da ta biyo bayan kin bar aikin. Sunanki yana saman kowane fayil. Bai canza ko waƙafi ba. Na buga miki shafin na sa a ambulan nan. Jagorar ce kawai ba ta taɓa ambatarsu ba, shi ya sa kusan ba wanda ya san da su.

Ranar Lahadi na je gidansa. Na same shi a teburin nan mai ɗumama ƙafa, ya manna fuska a allon kwamfuta, haruffan kowanne kamar ɗan yatsa. Na karanta masa abin da na rubuta a kan KIRU da TOBU, ya gyara mini kalma biyu. Da na zo KENTO sai ya ce:

"Rubuta: yana ajiye hanyar zuwa wani lokaci."

Na ce, "Sensei, wane lokaci?"

"Wani lokaci."

"Ai na gwada, ba ya dawowa."

"Naruse-kun, shayinka yana hucewa."

Matarsa tana ɓare lemo a gefe. Ta ce, "Kada ka damu, yaro. Ni ma da na ce a gyara ƙofar banɗaki, cewa ya yi zai duba. Sai da jikarmu ta shiga makaranta aka gyara."

Ya ce, "Amma an gyara ko ba a gyara ba?"

Ta ce, "An gyara, tsoho. Kafintan da ya fara aunawa dai ya rasu."

Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake gogewa. Na lura duk lokacin da na ambaci sunan umarnin sai ya kai hannu ga tabarau.

A maɗaba'armu in mai gida ya ce wa ɗan tallan takarda "zan duba", kowa ya san ya sallame shi ke nan, har ɗan tallan yakan rusuna ya yi godiya ya tattara kayansa. Na fara zargin daga nan sunan ya fito. Ba hurumina ba ne in tambaya. Amma jimlar da sensei yake so ba zan iya rubuta ta ba. Wanda ya karanta zai zaci injin zai dawo, ya dogara da shi, adireshi su zube ba wanda ya sani.

Ki huta lafiya.

Naruse


Maebashi, farkon Disamba

Naruse-kun,

Ina gaishe ka, ina kuma gode maka da ɗawainiyar da kake yi da wannan tsohuwar manhaja a lokacin da aiki ya yi muku yawa. Matata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa.

Na yi tunani a kan abin da ka ce. Ba sai ka gwada mini KENTO ba. Na san abin da yake yi. Na karanta kowane layi nasa tun idona yana gani, na kuma san dalilin sunan. Na ce zan duba aikin Hayasaka-kun, na duba, ya yi kyau, na shigar. Ban ga abin da ya rage a faɗa ba.

Yana nufin bai rubuta mata ya gaya mata ba. Wannan ni matarsa na ƙara, bai san na sa ba.

Game da shafin, hanya biyu ce. Ko a rubuta jimlar da na ba ka, ko a cire umarnin daga bugun. Ba zan sa hannu a littafin da zai ce, da baƙin rubutu, wai "zan duba" yana nufin ba za a dawo ba. Ni ban taɓa nufin haka ba. Ka zaɓa kafin ashirin ga wata.

Ka sa rigar sanyi, iskar dutse ta fara.

Kuramochi Shigeharu


Takasaki, Disamba

Zuwa ga Hayasaka-san,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji a rediyo dusar ƙanƙara ta rufe muku hanya, Allah ya sa gidan da ɗumi.

Ba ki amsa wasiƙata ta baya ba, kuma ba laifi. Ga ta sensei nan na haɗo miki, da izinin matarsa. Izininsa ban nema ba.

Na zaɓa. Jimlarsa ba zan rubuta ba, don haka ranar ashirin za a cire KENTO. Abin da sensei bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru, shi ne KIRU da TOBU a kansa suka jingina. Na gwada cire shi kaɗai, sauran biyun suka daina aiki. Ni ban iya raba su ba, shi kuma ba ya gani. Ke nan duka ukun za su fita, da fayilolin da ke ɗauke da sunanki.

Mai gidanmu ya gan ni ina ta jujjuya takardar a lokacin cin abinci, ya ce, "Kai Tomoki, budurwa ce ta ƙi ka?" Na ce a'a, jimla ce. Ya ce, "To gara budurwa, ita ko ba komai ana rarrashinta."

Ba roƙonki nake ki yi wani abu ba. Aikinki ne, na ga bai kamata a cire shi ba ki sani ba, tunda an shigar da shi ba ki sani ba.

Ki gaida mutanen gida.

Naruse


Hirosaki, Disamba

Naruse-san,

Gaisuwa. Hanya ta buɗe jiya, wasiƙunka biyu na kan tebur tun tuni. Ta farkon na karanta ta sau da yawa. Shafin da ka buga mini na ajiye shi.

Zarginka daidai ne. Na kai wa mutumin naka KIRU da TOBU a taron masu manhajar, a gaban mutane. Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya ce, "Zan duba." Kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai, wani har ya dafa mini kafaɗa a bakin lif ɗin hawa bene. Na yi aikin ofis, na san abin da kalmar take nufi a bakin babba. Na jira har ganye ya zube, shiru. Sai na rubuta na ukun, na sa masa sunan maganarsa, na ɗaure sauran biyun a jikinsa don kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, na aika, na rufe akwatin saƙona. A lokacin mahaifina ya faɗi daga tsani, gona tana jiran hannu. Ban sake leƙa Azami ba.

A duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke cewa "zan duba" yana nufin zai duba, kuma shi Allah ya haɗa ni da shi.

Ga jimlarka: "Idan injin ya wuce KENTO sannan ya ci karo, neman ya ƙare gaba ɗaya. Ba ya komawa baya, ba ya sake farawa daga gaba." Wannan ita ce gaskiyar abin da ke ciki yau, kuma ka yi daidai da ka ƙi rubuta wata.

Amma tunda ba zai sa hannu a kanta ba, na zauna na yi wani abu. Yana cikin ɗan faifan da ke ambulan nan. Na raba ukun, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Tsohon halin KENTO na mayar da shi ƙarƙashin sabon suna, YAME, don masu buƙatar a tsaya cak, kuma jimlar da ke sama tasa ce yanzu. Shi KENTO na sa ya yi abin da tsohon yake ta faɗa: ya ajiye hanyar, ya gwada duk sauran, in ba su kai ba ya dawo kanta a ƙarshe. Yana da nawa, ba ya sauri. Ka rubuta hakan a jagorar, kada ka ɓoye: yana dawowa, amma a makare, kuma ba ya sanar da kowa.

Hannuna ya kwana biyu bai taɓa wannan aiki ba, akwai yiwuwar kuskure. Sai wani ya bi shi layi-layi kafin ya shiga. Ka kai masa. In ya ƙi, a cire, ba zan ji komai ba.

Akwatin tuffa yana hanya. Naka ne da matarsa. In ya miƙa hannu, ku ce za ku duba.

Hayasaka


Maebashi, sha bakwai ga Disamba

Hayasaka-kun,

Ina gaishe ki. Da hannuna nake rubutawa, shi ya sa haruffan suka yi girma haka.

Faifan ya iso.

Zan duba.

Ranar Talata bayan azahar, a gidana. Naruse-kun zai karanta mini layi-layi. In za ki zo, jirgin ƙasa na safe daga wajenku yana isowa kafin azahar, kuma ƙofar banɗaki tana rufuwa yanzu.

Kuramochi