Dogon Ginin da ke Cikin Hoto

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, kafaɗar ma da sauƙi.

Na leƙa makarantar da Kawu ya nace Auta ya yi digirin harkar kuɗi a cikinta. Ɗaki uku ne a saman shagon mai faci, malamin ma shi ne mai gadi. Kawu hoto kawai ya gani ya ruɗe, yana ta cika baki. Gara Auta ya nemi ta kusa da gida, Allah ya yi masa jagora.

Dogon ginin da ke hoton, bankin tsallaken titi ne. Na san shi sarai, ni ke wanke tagoginsa. Wannan kada Inna ta ji.

Ƙaninka