Kafin a Ba Wata Kekenki

Zuwa ga Chanthou, furen badon tafkin zuciyata, ruwan farko a kan gonar shinkafa, inuwar giginya ga wanda rana ta gasa!

Gaisuwa dai na gaishe ki, amma kada ki zaci lafiya nake. Ina lafiya ga direban da ke kwasar mata masu ɗinki a bayan a-kori-kura kowace safiya, ya waiga ya ga kowa ban da ke? Kin tuna ranar da na taka birki saboda wata saniya, kuka zube a kan juna, kika leƙo kika ce, "Kai Vibol, buhunan gawayi ka ɗauko?" Tun ranar na mutu a kanki, har yau ban farfaɗo ba.

Sai annobar nan ta zo, aka rufe masana'anta, kika koma ƙauye wai na ɗan lokaci. To, an buɗe! Yayyenki maza tuni sun koma aikin gini, ko waiwaye babu. Ke fa? Makaranta a rufe, aka jibge miki 'ya'yansu. Kaka ta kwanta, aka ce ai Chanthou na nan. Cutar da ta shigo ba ta tambayi namiji ko mace ba, amma da ta tashi fita, wuyan mata ta taka! A jaridar da ake naɗe mini soyayyiyar ayaba na koyi karatu, jiya a cikinta na ga wai arziki ya dawo. Ya dawo wa wa? Yatsun da ke fitar da wuyan riga kamar ana zana wata, su ne yau a bahon wanki?

Ke ma kin ba ni haushi, zumata. Na kira ki, kika ce, "Ba komai, Yaya." Da komai! Haƙurin nan naki ya fi barkono yaji a bakina.

Inna Sarom, shugabar layinku na ɗinki a masana'anta, ta tare ni ta ce, "Kai mai bakin reza, gaya wa tsuntsuwarka ina kwance a kan keken ɗinkinta kamar kaza a kan ƙwai. Amma da an gama bikin tunawa da matattu, manaja zai ba wata." Kin ji. In keken ya tafi, ke kin san ba ya dawowa.

Ga shawarata, kada ki yi dariya. Kakanninmu ba sa ba saurayi mata sai ya tare a gidansu ya yi musu bauta, ya ɗebo ruwa, ya faskara ice. To, ni zan raya al'adar. Na bar wa ƙanena motar. Zan zo in juya Kaka, in dama mata kunun shinkafa, in wanke zannuwanta, in bi yaran da tsawa. Yayyenki su kira ni ɗan daudu, su tsaya dai nesa da hannuna.

Ki gaya wa mahaifiyarki ta share mini gefen rumbu. Motar da za ta sauke ni, ita za ki hau. Gara in yi kewarki kina kan kekenki da in same ki kina kuka a bakin murhu.

Naki har kogin Mekong ya ƙafe,
Vibol