Karfasar Baba Ta Zama Ruwa Biyu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, sai idon Inna da ya ƙara yin hazo. Goggo ta warware, har ta koma faɗanta.

Abin da ya sa na ɗauki biro, tafkin Baba ne. Ka san mijin Auta, wanda muke kira Na-Sani, mutumin da ko kaza bai taɓa kiwatawa ta yi rai ba. To shi ne ya tashi gyara mana kifi. Ya ce wai karfasar da marigayi ya bari tsohon yayi ce, baƙa ce, ba ta girma. Ya je ya kwaso wasu jajaye a jarka, ko rana ɗaya bai ware su ba ya juye a ciki, yana tsaye yana gyara hula. Suka yi ta barbara da namu, 'ya'yan suka fito ruwa biyu, ƙattai, ya dinga ɗaukar hoto yana turawa duniya.

Ashe jajayen nan da ƙwarƙwatarsu suka zo. Likitan dabbobi ya buɗe wurin numfashin wani ya nuna mana, cike da tsutsa, na kasa cin abinci ranar. Ya ce jinin namu ya saba da cutar ruwanmu, amma haɗin nan ya raunana su. Suka yi ta tasowa ciki sama. Gwanin naka kuwa cewa ya yi baki aka yi masa.

Na tsamo 'yan tsirarun asali, likita ya wanke su da ruwan gishiri, suna cikin randa a bayan kicin. Irin Baba ke nan kaf. Yanzu mutumin nan, ba kunya, yana so in ba shi su ya sake gwadawa. Na hana, ya ce mace ba ta da ta cewa a tafki. Kai ne babba, ka kira shi ka taka masa birki.

Inna ba mu gaya mata ba. Kullum da safe tana lallaɓawa ta watsa dusa, ta tsaya tana saurare. Jiya ta tambaye ni me ya sa kifin babanmu suka daina amsa mata.

Ka gaida matarka da yara, da Kawu mai ɗinki. Auta tana gaisuwa, kanta a ƙasa.

Ƙanwarka ta tsakiya.