Agogon bangonka ya koma Djougou

Zuwa ga aminina, Malam Idi mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma farin ciki ya cika mini ciki, kuma kai kaɗai nake so in gaya wa.

Ramatu jikarmu, 'yar ɗana da 'yarka, tana lise, wato sakandare, a nan Parakou tana koyon aikin lantarki. Ka bar ta tana rarrafe. Bana malaminsu ya ba kowane ɗalibi leda guda: ɗan allo kore, ƙananan kaya kamar ƙwayar shinkafa, da gilashin da ke nuna lamba ja. Ya ce kowa ya haɗa agogo, ya kuma ƙara masa wani abu daga kansa. A tsakar gidanmu na Banikanni ta haɗa nata, tana liƙa kayan da dalma ɗaya bayan ɗaya. Ya tashi, amma kukansa kamar na gyare. Na tsokane ta na ce amarya, Malam Idi ba zai kira wannan agogo ba.

A nan laifina yake. Ka tuna agogon bangon shagonka na Djougou, mai gidan katako da ƙararrawa? Shekaru bayan rasuwarka ya tsaya. Na karɓe shi daga hannun Hajiya Ladi, uwargidanka, na yi mata alkawarin gyara. Na zaga masu gyara a Parakou, kowa ya buɗe ya mayar ya rufe. Shekara shida yana ƙarƙashin gadona. Duk zuwana Djougou sai ta tambaya, ni kuwa in ce ana kan aiki.

Ramatu ta roƙe ni shi. Ta ce za ta cire kayan cikinsa, ta sa nata allon, ta bar guduma da ƙararrawa. Kwana uku ban ba ta amsa ba. Ina da ikon bayar da abin da ba nawa ba? In ta lalata shi, da wace fuska zan shiga gidanka? Na ba ta dai, ban shawarci Hajiya ba.

Bai zo da sauƙi ba. Gudumar ta ƙi motsi, sai da ta naɗa siririyar waya ta yi maganaɗisun da ke fizgo ta. In an ɗauke wuta ya mance lokaci, sai ta sa masa pil, wato batir. Ni ke riƙe na'urar awo ina karanta mata lambobi. Idi, ni Sule, da na fara riƙe alƙalamin boko ina da furfura!

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Agogon hannun da ka ba ni, shekara huɗu ina ɗaure da shi ban iya duba shi ba. Ka gane, ba ka tona ni ba. Sai ka ce ai kai ma kana son karatun yamma, in raka ka, alhali ka iya. Wata biyu kana zama kusa da ni a benci. Ban gode maka ba, kunya ta hana. Na gode.

Malamai sun duba aikin, ta ci. Amma hankalina bai kwanta ba sai ranar Juma'a da muka kai shi Djougou. Na gaya wa Hajiya gaskiya duka, na ajiye mata tsofaffin kayan cikinsa a gwangwani. Ta yi mini kallon da ka sani. Muka zauna muna jira har ƙarfe huɗu ta cika, agogon ya buga. Na ga leɓenta na ƙirgawa. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce muryar ba ta canja ba, a rataya mata shi a ɗaki. Sannan ta juyo ta ce ta yafe mini, amma in sani tun shekara ta biyu ta daina yarda da maganata.

Na dawo Parakou ina dariya ni kaɗai a mota, har na kusa da ni ya tambaya ko lafiya.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu da alheri.

Amininka,
Sule na Banikanni