Ta Fara Kiran Sunanki

Suleja,
Watan Sha'aban, 1979.

Zuwa ga 'yata Lauratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a Kumasi, ke da maigidanki Mu'azu da yara. Mu nan sai godiya. Kada ki ga Suleja a sama ki rikice, Abujarmu ce aka sauya wa suna, ni ma hannuna bai saba ba.

Maganar mahaifiyarki ce, Yaya Fatsuma. Kin san tsohon ciwon kanta, wanda wanzamai suka gaji da yi wa ƙaho. To, mun kai ta har babban asibitin Badun, aka yi mata aiki aka ciro ƙari. Likita ya ce ƙarin ya daɗe a kanta, kuma shi kaɗai ba mugu ba ne. Amma da suka duba cikinsa, sai suka tarar sankarar nonon da aka yanke mata bara ta bi jini ta shige cikin ƙarin ta zauna, kamar ɗan haya. Wai ba safai ake ganin haka ba, har ya kira abokan aikinsa su gani. Ni kam ban ga abin kallo ba. Na tambayi magani, ya ce mu koma gida. Wallahi na gaji, Lauratu, jiki da zuciya.

Yanzu magana guje mata take yi. Takan so ruwa ta rasa sunansa, ni kaina da hannu take nuna ni. Amma ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ke 'yar fari ce, tun da ta haife ki bakinta bai taɓa furta sunanki ba, "yarinyar nan" take cewa, ta kau da kai. To, tun da muka dawo sunanki take kira, sarai, a gaban kowa. Matata Asibi ta ce ciwon ne ya cire mata kunya. Na ce ai ba ciwo ya sa mata sunan a baki ba, dama yana nan.

Asibi da ƙanenki Ummaru suna gaishe ki. Ki gai da Mu'azu, ki ce na roƙe shi ya ajiye cinikin goro ya sako ki a mota, kada ku jira bayan salla. Idan Yaya ta kira sunanki, Asibi takan leƙo ta amsa a madadinki. Sai Yaya ta dube ta, ta juya fuska bango, ta sake kira.

Ni ne kawunki,
Bamalli.