Makullin Shagon Saje

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma Saje ya bar shagonsa na gyaran agogo a buɗe, ya dawo gida yana tambayata ko ya karya kumallo. Shekara shida ke nan da bam ya jijjiga masa kai a bakin daga, likitoci suka ce raunin ɗan kaɗan ne. To, ni nake zaune da ɗan kaɗan ɗin. Wata biyun nan mantuwar ta ƙaru, ga layi in ya miƙe, kuma tsoro nake ji. Na ɓoye makullin shagon a gwangwanin allurata.

Alhamis, 6 ga Maris
Babban ɗanmu ya ce a rufe shagon kawai, Baba ya huta. Wane hutu? Ka raba mutumin nan da agogo, ai ka gama da shi.

Asabar, 8 ga Maris
Ya nemi makulli har ƙarƙashin gado. Da ya gaji ya ce, "Kwamanda, kan nan nawa ya yi ritaya bai sanar da ni ba." Na yi dariya, na shige kicin na yi kukana.

Talata, 11 ga Maris
Asibiti. Sabuwar likita, dama ta ce mu zo da duk abin da yake sha. Ya jera mata su a tebur, dogo a baya, gajere a gaba, kamar fareti. Na hawan jini, na ciwon baya, na barci har kala biyu. Ta tambaye shi me ya sa yake haɗa tsohon na barcin da sabon da aka canza masa. Ya gyara zama ya ce ba wanda ya ba shi umarnin dainawa. Mijina ke nan!

Ina cikin harararsa ta ce, ko akwai saura? Dole na faɗa mata nawa. Maganin murar nan na ruwa da nake ɗura masa safe da yamma tun Janairu, don na tsani in ji yana tari. Ta ce shi ma yana sa barci, na ciwon bayan ma haka, kuma kan da ya taɓa buguwa ba ya ɗaukar abin da wani zai ɗauka. Mai yiwuwa ba raunin ne ya ƙaru ba. Za ta rage su a hankali, kar mu yanke da kanmu.

A hanya ya ce, "Ashe daga bayana ake harbin, Kwamanda." Ya riƙe hannuna har gida.

Juma'a, 28 ga Maris
Ya yi mini gyara, wai yau Juma'a ce ba Alhamis ba. Sunan maƙwabcinmu dai har yanzu sai na raɗa masa.

Litinin, 7 ga Afrilu
Na saka makullin a aljihun rigarsa. Ba don komai ba, gwangwanin ne ya cika. Ya laluba, ya fito da shi, ya daɗe yana kallona.

"Aljihun nan sau biyar na duba shi ranar Asabar ɗin can."

Na ce ruwan shayi na tafasa. Ya sa hula ya fita yana murmushi.

Gidan ya yi shiru, na saba da jin motsinsa. Ban bi shi ba. Shara kawai na fita zubarwa, kwandon ne ya yi nisa.