Direban da Ba a Ba Shi Suna Ba

Yaya Lesieli,

Gaisuwa mai yawa daga Sydney. Ya ƙafar Mama? Ya mutanen Vava'u? Ni lafiya lau nake, aikin mayankar kaji yana tafiya. Barci ne dai sai a hankali.

Nan kowa ya haukace da wani wasan talabijin na uban 'yan daba. Jiya muna cin abinci a wurin aiki musu ya kaure. Noeline, abokiyar aikina, ta ce, "Mutumin nan ɗan halak ne, ku dubi yadda yake ji da uwarsa!" Wata ta ce, "Ke dai kwat ɗinsa ce ta ruɗe ki." Aka kwashe da dariya. Sai suka ce, "Kalolaine, ke wa kike so?"

Na ce direbansa da aka harbe tun farkon wasan. Ba wadda ta tuna shi. Ko suna ba a ba shi ba, balle uwa.

Ba su san ɗana Semisi ma irin mutumin nan yake tuƙa wa mota ranar da aka harbe shi ba.

Don Allah ki je kabarinsa ranar Asabar, ki ƙara masa farin yashi. Ki kira sunansa da ƙarfi, Yaya. Nan ba mai kira.

Allah ya bar mana ku.

Ƙanwarki,
Kalolaine